Daga Kalangu Zuwa Mita 49: A Koya Wa Yaranmu Ilimin Kaɗawa Da Hausa

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zama a ajin boko ba, amma ya san cewa in za ka kama London da rana, wajen mita 16 ko 19 za ka nema, in kuwa da asuba ne kafin rana ta fito, sai ka gangaro wajen 41 ko 49. Rediyonsa mai batir huɗu ne, a cikin rigar fata da wani baduku ya ɗinka masa. In ya dawo daga masallaci zai zauna a kan buzu, ya zaro eriya har ƙarshe, ya kama maɓallin yana murzawa a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro. Jar allura tana tafiya a kan lambobi, ana jin shuuu, ana jin fito, sai can murya ta fito tar. In na kai hannu sai ya ce, "Kai, bari, za ka ɓatar mini da mita." Wata rana na ce masa, "Baba, wai mece ce mitar nan?" Ya ce, "Gidan da kowace tasha take zaune ne. In ka wuce ƙofar, ka wuce."

Na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da fiziks a makarantun sakandare, kuma sai da na ci fiye da rabin shekarun nan kafin na gane cewa amsar Baba ta fi kusa da zuciyar yaro fiye da abin da nake rubutawa a allo. Abin da nake yi shi ne abin da aka yi mini. In shiga aji, in rubuta ma'anar firikwensi da Turanci, in rubuta harafi daidai yake da ɗaya a kan wani harafi, yara su kwafa, su haddace, su zuba mini a takardar jarrabawa, in ba su maki. Mako biyu bayan haka, ka tambayi yaro me ya sa muryar ƙanwarsa ta fi tasa siranta, sai ya tsaya yana kallon ka. Wannan abu yana damuna har yau, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da ake ta ba yara tsoro da shi ƙirga ce kawai. Ka tsaya kusa da mace tana daka, ka ƙirga sau nawa taɓarya ta sauka a turmi cikin minti ɗaya. In sau sittin ne, to sau ɗaya ke nan a kowane sakan. In ƙanwarta ta shigo suna lugude, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, bugun ya zama sau biyu a sakan. Shi ke nan, ka auna firikwensi, abin da ni nake kira yawan kaɗawa: sau nawa abu ya je ya dawo a cikin sakan ɗaya. Sau ɗaya a sakan shi ake kira haz ɗaya, dubu kilohaz, miliyan megahaz, biliyan gigahaz. Zuciyar babban mutum da yake hutawa tana bugawa kamar sau saba'in a minti, wato haz ɗaya da ɗan ɗoriya. Sauron da yake hana ka barci yana kaɗa fikafikansa sau ɗari huɗu zuwa ɗari shida a sakan, kukan da kake ji a kunnenka ƙarar fikafikan ce. Agogon batir da ke hannunka yana da ɗan ƙanƙanin dutse a ciki da yake karkarwa sau 32,768 a sakan, agogon yana ƙirgawa, in ta cika sai ya tura allura gaba. Shi kansa sakan ɗin, tun 1967 duniya ta yarda a auna shi da kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ya dace da ƙwayar zarra ta wani ƙarfe da ake kira siziyam. Daga turmi har zuwa can, tambayar guda ce: sau nawa?

Wanda ya buɗe mini ido wani ɗalibina ne, ɗan gidan makaɗan mahauta. Yaro ne shiru-shiru, a bencin baya yake zama, kuma ya faɗi gwajin da na yi musu a kan abubuwan da suke sa sautin tsirkiya ya hau ko ya sauka. Ko maki ɗaya bai samu ba a wannan tambaya. Ana gobe bikin raba kyaututtuka na same shi a bayan ɗakin gwaji yana shirya kalangun da za a yi wasa da shi. Ya ajiye shi a rana, can ya ɗauka ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne, ya mayar. Na ce, "Me ya sa ka shanya shi?" Ya ce, "Malam, ya sha raɓa ne, fatar ta saki, muryarsa ta yi ƙasa. In ya sha rana zai ɗaure." Na ce ya nuna mini yadda ake sa shi magana. Ya rataya shi, ya sa a hammata, ya buga, ya matse igiyoyin da damtsensa, sautin ya tashi sama, ya sassauta, sautin ya dawo. Ban tambaye shi ba ya ƙara da cewa ƙaramin kalangu ya fi babba siririyar murya, kuma in fata ta yi kauri, ko aka manna mata ɗan danƙo a tsakiya, muryar takan yi zurfi.

Na tsaya jikina ya yi sanyi. Abubuwa ukun da na tambaya a gwaji, ɗauri da girma da nauyi, su ne yaron nan ya lissafa mini a tsaye, da hannunsa a kan kayan aiki. Su ne dokokin da wani malamin Faransa, Marin Mersenne, ya rubuta a 1636 a kan tsirkiya: in ka rage tsawonta da rabi, yawan kaɗawarta ya ninka, in kana son ninka shi ta hanyar ɗauri, sai ka ɗaure ta ninki huɗu, in ta fi nauyi, kaɗawar ta ragu. Mai goge da yake danna izga da yatsa yana rage tsawon da yake kaɗawa ne. Mai molo da mai garaya haka. Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya yi ta fitar da sautuka iri-iri har ƙarshen rayuwarsa, da wannan doka. Yaron ya san fiziks ɗin fiye da ɗaliban bencin gaba da suka cinye makin. Abin da bai sani ba shi ne cewa abin da nake faɗa da Turanci da abin da yake yi a hammatarsa abu ɗaya ne. Ni ne ya kamata in haɗa masa su, ban yi ba, kuma na sa masa sifili.

Akwai abin da ya sa wannan darasi ya kamata ya fi sauƙi ga ɗan Bahaushe. Harshenmu da hawa da saukar murya yake aiki. Kuka na hawaye da kuka ta miya, baƙaƙe da wasula ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne a ta biyu murya takan sauka a gaɓar ƙarshe. Wuya ta wahala da wuya na jiki, nan ma akwai hawa da sauka. Saukar murya kuwa raguwar yawan kaɗawar tantanin maƙogwaro ce. Na namiji babba yakan kaɗa sau ɗari da wani abu a sakan, na mace kamar ɗari biyu, na yaro ya fi haka. Dalilin da ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum ko ya yi masa take ke nan, yana bin hawa da saukar kalmomin ne. Yaron da ya tashi yana bambanta kuka da kuka tun yana goye, kunnensa ya riga ya iya aikin. Suna da lamba kawai suka rage a ba shi.

Daga ranar na canza yadda nake shiga wannan darasi. Nakan sa a shigo da keke aji, a kifa shi, a maƙala guntun kwali yadda zai riƙa taɓa wayoyin ƙafar baya, kamar yadda yara suke yi in suna son keke ya yi ƙarar babur. A juya feda a hankali, ana jin ƙwas, ƙwas, ƙwas, kowa yana iya ƙirgawa. A ƙara sauri, sai ƙwas-ƙwas ɗin ya haɗe ya zama gurnani. A ƙara, gurnani ya zama kuka mai tashi sama. Ƙafar keke galibi waya 36 gare ta, in tana juyawa sau biyar a sakan kuma kwalin yana taɓa kowace waya, bugu 180 ke nan, kusan sautin muryar mutum. A nan nake ganin fuskokin yara sun canza, domin sun ji da kunnensu wurin da ƙirga ta koma sauti. Kunnen ɗan Adam yakan fara jin bugu a matsayin sauti daga kamar sau 20 a sakan, ya kai har 20,000 ga mai ƙuruciya. Ƙasa da haka giwaye suna kiran junansu da gurnanin da ba ma ji, sama da haka ƙananan jemagu masu cin ƙwari suna neman hanya a duhu.

Na san akwai iyaye da malamai da ba sa son a shigo da kayan kiɗa makaranta, kuma ina girmama ra'ayinsu. Darasin bai dogara da ganga ba. Guga ma ya isa. Ka saki guga a rijiya ka lura da lilonsa: igiya tana gajere yana kai da komo da sauri, tana ƙara tsawo yana ƙara nawa, kuma ko cike yake da ruwa ko babu komai a ciki, lokacin lilon kusan ɗaya ne. Galileo na Italiya ya lura da haka wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce, kuma a kai Christiaan Huygens na Holan ya ƙera agogo mai lilo a 1656. Rula a bakin tebur ta isa, kwalabe da ruwa sun isa, robar ɗaure kuɗi ta isa.

Yanzu mu koma ga mitar Baba, domin a nan ne muke da kuskuren da ya zama jiki. In ka jefa dutse a kududdufi, za ka ga zobba suna bazuwa. Ganyen da yake kan ruwan ba ya bin su zuwa gaɓa, yana hawa ne yana sauka a inda yake. Motsin ne yake tafiya, ruwan yana nan. Tazarar da ke tsakanin wannan tudu da na gaba shi ne zango, kuma magabatanmu a aikin rediyo sun yi dace da suka zaɓi wannan kalma ta fatake, suka ce gajeren zango da matsakaicin zango. Tsakanin zango da yawan kaɗawa akwai ciniki. Ka dubi uba da ɗansa ƙarami suna tafiya kasuwa kafaɗa da kafaɗa: saurinsu ɗaya, amma uban takunsa dogo ne kaɗan, yaron takunsa gajere ne da yawa. Duk saƙon rediyo da saurin haske yake tafiya, kilomita 300,000 a sakan. Saboda haka in zangon ya yi tsawo, kaɗawar kaɗan ce, in ya gajarta, kaɗawar da yawa. Lissafin ma ɗan firamare zai iya: raba 300 da yawan mita, ka samu megahaz. Mita 49 megahaz 6 ne da ɗan kai, mita 25 megahaz 12. Lambar da Baba yake nema a kan gilashin rediyonsa tsawon taku ɗaya ne na saƙon da ya taso daga nesa.

To amma yau ka kunna FM a kowane gari namu, za ka ji mai gabatarwa yana cewa kuna sauraronmu a kan mita casa'in da kaza, ko mita ɗari da kaza. Waɗannan lambobi ba mita ba ne, megahaz ne. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108, kuma tashar da take kan 100 zangonta mita 3 ne kacal. Shi ya sa eriyar ƙaramin rediyo in ka zare ta ba ta wuce kamu ɗaya da rabi, an yi ta ne daidai da rubu'in wancan zango. Wani zai ce ai an saba, kowa ya gane, mene ne abin damuwa? Damuwar ita ce mun ɗauki kalma ɗaya mun ɗora wa abubuwa biyu da suke kishiyoyin juna, in ɗaya ya hau ɗaya sauka yake yi. Yaron da ya ji haka safe da yamma tun yana ƙarami, ranar da malami ya zo raba masa su sai ya sha wuya. Na gani a aji shekara da shekaru.

Abin da ya sa Baba yake canza mita tsakanin asuba da rana shi ma yana da dalili. Can sama, daga kamar kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, akwai wani rufi na iska da hasken rana yake cajawa. Saƙon gajeren zango in ya doki rufin nan sai ya lanƙwaso ya dawo ƙasa a wata nahiya. Edward Appleton na Ingila ya tabbatar da samuwar rufin a 1924. Da rana ƙasan rufin yakan shanye saƙo mai ƙarancin kaɗawa, sai a koma mita 16 ko 19. In rana ta faɗi rufin ya yi rauni, ba ya iya dawo da masu yawan kaɗawa, sai a koma 41 da 49. Saƙon FM kuwa kaɗawarsa ta yi yawa, ratsa rufin yake yi ya wuce, don haka in ka bar gari da mota ka yi nisa sai tashar ta fara shashsheka ta ɗauke. Sashen Hausa na BBC, wato London ɗin da Baba yake kamawa, ya fara watsa shiri a 1957, shekara ɗari cif da haihuwar Heinrich Hertz, Bajamushen da ake kiran ma'aunin haz da sunansa. Shi ne tsakanin 1886 da 1888, a garin Karlsruhe, ya sa tartsatsin wuta ya yi tsalle a wannan gefe na ɗaki, ya ga ɗan ƙaramin tartsatsi ya amsa a zoben waya a wancan gefe, babu abin da ya haɗa su, kamar yadda lissafin James Clerk Maxwell ya nuna tun fiye da shekara ashirin kafin nan. Ya rasu a 1894 yana da shekara 36, bai ga rediyo ba. Da Jamusanci ya rubuta bincikensa, harshen da ya sha a nono.

Murza maɓallin da Baba yake yi shi ma fiziks ne. Kowane abu yana da yawan kaɗawar da ya fi so. Mai tura yaro a lilo ya san in ya tura daidai lokacin da lilon ya juyo, ɗan turi kaɗan ya isa ya kai shi sama, in ya saɓa lokaci wahala kawai zai sha. Ɗan garuwa ya san in takunsa ya dace da tangaɗin ruwan da ke cikin garwa, rabi zai zube kafin ya isa, don haka yakan canza taku. A cikin rediyo akwai wata 'yar da'ira ta lantarki da maɓallin yake canza mata kaɗawar da take so, in ta dace da ta wata tasha sai wannan tasha ta yi ƙarfi a bar sauran. Wannan dacewa tana iya zama masifa. A 1831 wata gada a Broughton ta Ingila ta karye a ƙarƙashin sojoji masu maci da taku ɗaya, daga nan aka riƙa umartar soja su saɓa taku a kan gada. A shekarar 2000 an rufe wata sabuwar gadar ƙafa a kan kogin Thames a London kwana biyu da buɗe ta, saboda tana lilo, mutane suna gyara takunsu ya bi lilon, lilon yana ƙaruwa.

Me rashin wannan sani yake jawo mana? Ka fara da wutar lantarki. Wutar da ke layukanmu a Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a sakan, ta Amurka sau 60. Ƙaramin janareta yana juyawa sau 3,000 a minti, raba da sittin ka samu hamsin. Kowa ya taɓa jin yadda kukan janareta yake yin ƙasa in aka jona dutsen guga: kaya ya yi masa yawa, juyawarsa ta ragu, kaɗawar wutar ta faɗo. Babban layin ƙasa janareta ne guda mai kawuna da yawa. Injinan Kainji da Jebba da Shiroro da Egbin dole su juya da taku ɗaya. In abin da ake ja ya fi abin da ake samarwa, ko wata babbar tasha ta fita ba zato, hamsin ɗin nan sai ta fara zamewa, in ta zame da yawa injinan su cire kansu don kada su lalace, ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta shiga duhu. Wannan ne ma'anar labarin da muke ji cewa babban layi ya durƙushe. Ɗan ƙasar da ya fahimci haka zai iya tambayar hukuma tambaya mai ma'ana, ya ce ina wutar ajiya da ya kamata ta shigo in wata tasha ta faɗi. Wanda bai fahimta ba, sai dai ya yi tsaki ya nemi ashana.

Sai jita-jita. A 2020 saƙonni suka cika wayoyinmu cewa 5G ce take kawo korona, a Ingila har an ƙona turakun sadarwa. Wasu daga cikin waɗanda suka turo mini saƙon tsofaffin ɗalibaina ne, masu digiri, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. An samu mai korona na farko a Najeriya a watan Fabrairu na 2020, alhali ba a yi gwanjon zangon 5G ba sai Disamba 2021, ba a fara sayar da ita ga jama'a ba sai 2022. Wannan zango gigahaz 3.5 ne. Hasken fitilar da ke ɗakinka yana kaɗawa fiye da gigahaz 400,000, ya ninka na 5G sau dubu ɗari da ɗoriya. Tun 1905 Albert Einstein ya nuna cewa ƙarfin kowane ɗigon haske yana bin yawan kaɗawarsa ne, kuma sai an wuce hasken da ido yake gani, an doshi irin na hoton ƙashi, sannan ɗigon yake da ƙarfin da zai karya abin da ke cikin ƙwayar halitta. Saƙon rediyo in ya yi ƙarfi ƙwarai zai iya ɗumama nama, shi ya sa aka sa wa turaku iyaka, kuma daidai ne a matsa wa hukuma ta riƙa aunawa. Amma ƙwayar cuta ba ta hawa saƙon waya.

Abin takaicin shi ne tsoron namu a juye yake. Na san mace a danginmu da ta ƙi zuwa hoton ciki har wata takwas, wai kada haske ya taɓa ɗan. Hoton ciki da sauti ake yin sa, sautin da ya wuce jin kunne, mai kaɗawa sau miliyoyi kaɗan a sakan, yana shiga ya dawo kamar amsa-kuwwa a cikin kogo. Hoton ƙashi ne ake kaffa-kaffa da shi ga mai juna biyu. Ita wannan baiwar Allah kuma ta biya kuɗi masu yawa ga wani mai yawo da akwati, ya ba ta guntun ƙarfe ta riƙe, kwamfuta ta zubo takarda mai jerin cututtuka, wai na'urar ta karanta firikwensin hantarta da ƙodarta cikin minti ɗaya, sannan ya sayar mata da magani. Babu wannan a fiziks, babu shi a likitanci. Kalmar ce kawai aka yi mata kwarjini da ita, domin ba ta san cewa ma'anarta sau nawa ba ce. Da ta sani, da ta tambaye shi: me yake kaɗawa, sau nawa, da me ka ƙirga? Hatsarin gaske kuma muna wuce shi kullum a bakin kasuwa. Yaron da yake tsaye a kan injin markaɗe daga safe zuwa magariba ba tare da toshe kunne ba, sautuka masu yawan kaɗawa ne za su fara ɓace masa, irin su sa da sha da tsa. Zai riƙa jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomi, kuma abin da ya mutu a cikin kunne ba ya dawowa.

Za a ce mini jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yin su, in ka koyar da Hausa ka cuci yaro. Na ji wannan magana daga shugabannin makaranta da iyaye, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Yaro yana bukatar kalmomin Turancin, dole a ba shi. Abin da na gani da idona shi ne, yaron da ya fara gane abu da harshen da yake tunani da shi, ɗora masa sunan Turanci aikin minti biyar ne, kuma ba ya mantawa. Wanda aka fara da sunan, yana riƙe da fanko ne. Za a kuma ce Hausa ba ta da kalmomin. Wa ya ba mu gajeren zango? Mutane ne suka zauna a gidajen rediyo suka ƙirƙira, jama'a suka karɓa. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, da Larabci ya yi bayanin tsawon tsirkiya da sautinta a babban littafinsa na kiɗa, bai jira wani harshe ba. Ni na ce yawan kaɗawa, wani malamin yana cewa yawan girgiza, wani karkarwa. Sassan Hausa da na fiziks a jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su zauna tare da ma'aikatan rediyo su tsayar da ɗaya, mu bi.

Ina roƙon shugabannin gidajen rediyonmu abu biyu. Ku sa masu gabatarwa su riƙa cewa megahaz in megahaz ne, mita in mita ce, wata uku ya isa kunnen jama'a ya saba. Ku kuma ware minti goma a mako ku gayyato malamin fiziks da mai gyaran rediyo da mai gyaran janareta su yi wa jama'a bayanin abin da suke taɓawa kullum, da Hausar kasuwa. Ku da kuke cin abinci da kaɗawa kun fi kowa cancantar ku bayyana ta.

Ku kuma 'yan'uwana malamai da kuke aji yanzu, ranar da manhaja ta kawo ku wannan darasi, ku shiga da zare da ɗan dutse da agogo. Ku ɗaure dutsen a zare mai tsawon mita ɗaya, ku sa yara su ƙirga zuwa da dawowarsa da bakinsu na minti guda, za su samu talatin. Ku rage zaren zuwa santimita 25, za su samu sittin. Ku tambaye su da Hausa me suka gani, ku saurari na bencin baya, sannan ku ɗauki alli.